Me za mu kira gilashin da ake ƙarawa bayan tsohuwar taga a gidan tarihi?

Malam Idi: Assalamu alaikum jama'ar Jidda. Turawa na cewa sakandare gilezin, sunan kamar na makaranta. Abin nufi: ba a taɓa tsohuwar taga, sai a kafa wani firam mai gilashi daga cikin ɗaki, don kare kayan tarihi daga rana, ƙura da hayaniya. Na ga wasu sun rubuta "gilashi biyu". Ya zauna?

Baba Kafinta: Wa alaikumus salam. Bai zauna ba, Malam. Gilashi biyu shi ne dabal gilas, falle biyu da aka liƙe tun daga masana'anta, tazararsu ba ta cika wuce milimita 16 ko 20 ba. Wannan kuwa firam ne mai zaman kansa, ana barin kamar santimita 10 tsakaninsa da taga, har 15 ko 20 in ana son kashe ƙara. Kuma sharaɗinsa a iya kwance shi gobe ba tare da ya bar tabo a gini ba.

Hajiya Asabe: Ni ko "na biyu" ɗin ma ban yarda da shi ba. Ku dubi rawashin (jam'in roshan), wato tagogin katako na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, irin na gidan tarihi na Bait Nasif: katako ne zalla, iska ake so ta ratsa. Ina gilashi na farkon da za a ce wannan ne na biyu? Ni na fi son "shafin taga", kamar shafin babbar riga. Yana ciki, mai wucewa a titi ba ya ganinsa, kuma dama haka ake so tun da UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Malam Idi: Hajiya, kalmar ta yi daɗi, sai dai ina tsoron ma'aikaci ya ji "shafi" ya ɗauko ledar nan da ake mannawa a gilashin mota.

Baba Kafinta: Kuma zai ɗauko! Alhali ledar manne tsufa take, ta yi kumfa, ta ɓare. Abin da ake sawa gilashi ne mai leda a tsakiya: falle biyu na milimita 3 da ledar PVB, kaurinsu duka 6.4. Ledar ce ke tare kusan kashi 99 na hasken ultrabayolet, kuma ko ya fashe ba ya zubowa kan kaya. Nauyinsa kilo 16 a kowace murabba'in mita, don haka kada a ɗaura shi a jikin roshan. A yi masa firam daban, sukurori na sitilas, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, kuma su shiga ta layin kwaɓi, kada a huda dutsen murjanin da aka yi ginin da shi, gautsi gare shi.

Hajiya Asabe: A ƙara da cewa ba ya hana koɗewa gaba ɗaya. Hasken da ido ke gani ma yana cin rini da tawada. Tufafi da rubutun hannu luks 50 a ma'aunin haske ne iyakarsu, dole a haɗa da labule.

Babbar matsalar Jidda kuwa gumi. In waje na digiri 32 da laima kashi 70, raɓa na sauka kan duk abin da ya yi ƙasa da digiri 26. Ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana 22. To gilashin zai jiƙe ta fuskar da ke kallon roshan, ruwa ya gangara kan katako, gishirin iskar teku ya ƙarasa aikin. Littattafan Ingila kan sanyin hunturu suka yi lissafi, gumin nasu daga iskar ɗaki yake zuwa, namu daga waje. Maganinsa a toshe gefen firam sosai, a bar roshan yana shan iska, a sa 'yar kwata a ƙasa, kuma fallen ya zama mai buɗewa don a goge.

Baba Kafinta: Tun da yana da firam, yana buɗewa, ai taga ce. Mu ce "tagar ciki".

Malam Idi: Kada a ɗauka tagar da ke kallon tsakar gida ake nufi. A takarda a rubuta "tagar ƙari ta ciki", a bakin aiki a taƙaita.

Hajiya Asabe: Na janye shafi. Amma a takardar oda a rubuta "mai leda a tsakiya" da kaurin, in ba haka ba gizaz, wato gilashi, na kanti za a kawo muku.