Bayan raba VLAN a suwic, me alƙaluman fot suka nuna muku?

Mai buɗe zance, daga wata kwaleji a Zariya:

Assalamu alaikum. Mun raba cibiyar sadarwarmu gida uku a kan suwic ɗin Cisco, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da wayoyi, kowane sashe ana kiransa VLAN kuma yana da lambarsa: VLAN 10 na ofisoshi, 20 na ɗakin kwamfutocin ɗalibai, 30 na kyamarorin tsaro, kuma duka ukun waya ɗaya mai gigabit 1 suke bi zuwa babban suwic. Ma'aikata na ƙorafin jinkiri da hantsi, alhali zanen MRTG, manhajar da ke zana yawan bayanan da ke bin waya, bai taɓa nuna wayar ta wuce megabit ɗari da ɗoriya ba. Ina neman wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya gaya mana abin da ya gani.

Injiniya a wani kamfanin intanet, Kano:

Wa alaikumus salam, Malam. Wannan ɗari da ɗoriyar da ka ambata ita ta ja hankalina, domin na gaji wata cibiya da zanenta yake tsayawa daidai nan. MRTG yana tambayar suwic alƙaluma ne ta ƙa'idar SNMP, kuma tsohon ma'auninta, wato ifInOctets, bit 32 ne, yana cika idan ya ƙirga bayit 4,294,967,296, sannan ya koma sifili. A waya mai gigabit da ta cika maƙil, wajen daƙiƙa 34 sun ishe shi ya zagayo, shi kuwa MRTG duk minti 5 yake leƙawa, saboda haka duk abin da ya haura kimanin megabit 114 ba zai fito daidai a zane ba. Da na mayar da tambayar kan ifHCInOctets mai bit 64, wanda yake buƙatar SNMP siga ta 2c ko ta 3, sai ga wayar da ake cewa hutawa take yi tana ɗauke da ninkin abin da ake gani sau da yawa.

Mai kula da sadarwar wani asibiti, Maraɗi:

Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ko an gyara ma'aunin, matsakaicin minti 5 yana ɓoye cunkoson da bai wuce ƙiftawar ido ba. A wurinmu kyamarori ne ke turo bayanai a dunƙule, rumbun ajiyar fot ɗin, wato ramin da ake soka waya a suwic, ya cika, suwic ya zubar da abin da ya rage. Umarnin show interfaces ya nuna mini adadin output drops, wato bayanan da aka zubar, yana hawa, kodayake nauyin wayar ya yi ƙasa. Na sa load-interval 30 don in rage tsawon lokacin lissafi daga daƙiƙa 300, na share alƙaluman da clear counters, na dawo bayan sallar azahar na kwatanta. Adadin da ya taru tun ranar da aka kunna na'ura ba ya gaya wa mutum komai game da matsalar yau, saurin ƙaruwarsa ne abin dubawa.

Malama mai koyar da darasin sadarwa, Kaduna:

Ni a ɗakin gwajinmu matsalar ba ta cunkoso ba ce. Ƙa'idar 802.1Q, wadda ke sa VLAN da yawa su bi waya ɗaya, tana liƙa wa kowane ƙunshin bayanai tambari na bayit 4, a cikinsa akwai bit 12 na lambar VLAN, shi ya sa lambobin suka tsaya daga 1 zuwa 4094. Sai dai akwai VLAN ɗaya da ke bin wayar haɗi ba tambari, kuma idan suwic ɗin nan ya ɗauke shi a matsayin 1, na can ya ɗauke shi 99, bayanan wani sashe za su zube a wani sashen. Malam, ka duba show interfaces trunk a ɓangarorin biyu. Ka kuma dubi kurakuran CRC, wato bayanan da suka iso a lalace, domin kan waya da aka matse da gaggawa yana jawo su.

Mai buɗe zance:

Allah ya saka da alheri. Na sauya ma'aunin zuwa mai bit 64, yanzu zanen yana haura megabit 800 da hantsi, kuma fot ɗin haɗin yana zubar da bayanai, CRC kuwa sifili ne. Zan haɗa waya ta biyu da LACP, ƙa'idar da ke sa wayoyi biyu su yi aiki kamar guda.

Injiniya, Kano:

Madalla, amma ka sani LACP yana raba hanyoyin sadarwa ne tsakanin wayoyin, ba ya raba hanya ɗaya gida biyu, don haka idan duk kyamarorin na'urar ajiya ɗaya suke turawa, ka duba tsarin rabon kada su taru a waya guda. Wajen ƙara VLAN a jerin da aka yarje wa, kada ka manta da kalmar add a cikin switchport trunk allowed vlan, domin rashinta yana shafe tsohon jerin gaba ɗaya. Ka kuma adana saitin da copy running-config startup-config kafin a ɗauke wuta.