Taƙaitawa: Abin da Aka Faɗa Kan Almajiranci da Tsadarsa

'Yan'uwa, zancen da muka yi kan zama almajirin Yesu da tsadarsa ya yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Bakinmu ɗaya a kan cewa zuwa sujada ran Lahadi kaɗai ba ya mai da mutum almajiri. Almajiri shi ne mai koyo a wurin Yesu, yana aikata abin da ya koya.

2. An yi ta komawa ga Luka 9:23: musun kai da ɗaukar gicciye kowace rana. Da yawa sun ce wannan "kowace rana" ɗin ne ya fi wuya. Misalan da aka kawo: ƙin sa hannu a takardar ƙarya a wurin aiki ko da za a rasa ƙarin girma, da gaishe da wanda ya cuce ka.

3. Ceto kyauta ne (Afisawa 2:8-9), babu gardama.

4. A kan dukiya aka rabu. Wasu sun riƙe labarin mai arzikin da Yesu ya ce masa ya sayar da kome (Markus 10). Wasu suka ce ai Zakka, shugaban masu karɓar haraji, rabin dukiyarsa ya bayar, Yesu kuwa ya ce ceto ya shigo gidansa (Luka 19). Ni dai na fi karkata ga na biyun, ko da yake hujjar tana da daɗin fakewa.

5. Batun "ƙin" iyaye a Luka 14:26, akasari sun fahimce shi ta Matiyu 10:37, wato kada son su ya fi son Almasihu. Waɗanda danginsu suka juya musu baya saboda bangaskiya sun roƙi a daina sauƙaƙa ayar.