Dabarun rufa-ido wajen koyar da bishara: sun dace ko ba su dace ba?

Malamar Lahadi ta rubuta:

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina neman shawararku a kan wani batu da ya raba kan kwamitinmu na koyar da yara. Akwai wani matashi a ikkilisiyarmu, mai aminci wajen zuwa sujada, wanda ba a taɓa jin wani abin zargi a kansa ba. Ya koyi dabarun rufa-ido, yana kuma neman a ba shi dama ya yi amfani da su a taron yara na lokacin hutu. Ya gwada ɗaya a gaban kwamiti: ya ɗauki igiyoyi uku, gajera da matsakaiciya da doguwa, ya ce su ne mai ƙaramin laifi da mai matsakaici da mai babban laifi a idon mutane, sannan ya haɗa su a hannunsa ya ja, sai ga su tsawonsu ya zama ɗaya. Daga nan ya karanta Romawa 3:23, inda aka ce kowa ya yi zunubi ya kuma kasa kai wa ga ɗaukakar Allah.

Wasunmu sun ga darasin ya fito sarai, kuma yaran da yawanci hankalinsu kan tafi wani wuri za su zauna su saurara. Wasu kuwa, har da dattijon da ke kula da sashenmu, sun ce ba za a shigo da abin da ya yi kama da sihiri cikin majami'a ba, ko da kuwa da suna mai kyau aka shigo da shi. Tambayata kashi biyu ce. Shin hanin da Littafi Mai Tsarki ya yi game da sihiri ya shafi irin wannan aiki? Idan kuma bai shafe shi ba, shin babu saɓani a ce an ruɗi idon yaro domin a koya masa gaskiya?

Fasto Mai Ritaya ya rubuta:

Malama, Ubangiji ya sa albarka ga hidimarki. Dattijonku bai yi laifi ba da ya tsaya ya yi tambaya, domin aikinsa ke nan. Amma ya kamata a duba abin da nassi ya hana da kansa. A Maimaitawar Shari'a 18:10-12 an lissafa mai duba, da mai sihiri, da mai sammu, da mai neman shawarar matattu, kuma abin da ya haɗa su duka shi ne neman iko ko sani daga wani ruhu ba daga wurin Allah ba. Saminu na Samariya, a Ayyukan Manzanni sura 8, ya daɗe yana ba mutane mamaki yana cewa shi wani babba ne, har suna kiransa ikon Allah, kuma da ya ga aikin Ruhu Mai Tsarki sai ya so ya saye shi da kuɗi, Bitrus ya tsauta masa ƙwarai. Masu bi na Afisa, a sura 19, sun ƙone littattafansu na sihiri waɗanda kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, saboda da su suke hulɗa da duhu. Matashin da ya ɓoye ƙarshen igiya a tafin hannunsa, yana kuma faɗa a fili cewa ƙwarewar hannu ce, ba ya cikin wannan jerin. Bai kira wani ruhu ba, bai kuma ce shi wani ne ba.

Koyarwa da abin da ido ke gani kuwa tsohuwar hanya ce. An aiki Irmiya gidan maginin tukwane a sura 18, a sura 19 kuma ya fasa tulu a gaban dattawa. Ezekiyel ya haɗa sanduna biyu a hannunsa domin ya nuna haɗuwar Yahuza da Isra'ila. Ubangijinmu ya ce a nuna masa kuɗin haraji, ya kuma tsayar da ƙaramin yaro a tsakiyar almajiransa. Gani ya kori ji, kuma annabawa sun san da haka.

Tambayarki ta biyu ita ce ta fi nauyi a wurina. Tulun Irmiya ya fashe da gaske, babu abin da aka ɓoye a hannun riga, saboda haka ba zan ce rufa-ido daidai yake da abin da annabawa suka yi ba. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 4:2 mun rabu da ɓoyayyun abubuwa na kunya, ba ma tafiya da makirci, muna bayyana gaskiya a fili. A 1 Korantiyawa 2:4-5 kuma ya ce bai dogara ga gwanintar magana ba, domin kada bangaskiyarsu ta tsaya a kan hikimar mutane. A fahimtata, yaudara tana aukuwa ne lokacin da mutum ya tashi daga wurin yana gaskata abin da ba haka yake ba. Idan duk wanda ke zaune ya san cewa dabara ce, abin da bai sani ba kawai shi ne yadda aka yi ta, to ba a yi masa ƙarya ba. Idan kuwa ko yaro ɗaya ya koma gida yana zaton malaminsa yana da wani iko na musamman, an yi ɓarna, komai kyawun ayar da aka karanta.

Mai Dabarun Hannu ya rubuta:

Baba Fasto, na gode da wannan bayani. Ni ina cikin masu irin wannan hidima, kuma ina so Malama ta san cewa matashinku ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Yohanna Bosko, wanda aka haifa a 1815 kusa da birnin Turin na Italiya, tun yana yaro ya koyi tafiya a kan igiya da wasu dabaru daga masu wasa a bainar jama'a. Yakan tara yara, ya yi musu wasa, ya sa a yi addu'a, sannan ya maimaita musu wa'azin da ya ji a coci. Daga baya ya zama limamin cocin Katolika, ya ba da rayuwarsa ga yaran talakawa har rasuwarsa a 1888. A Amurka, wani faston Baftis na Filadelfiya mai suna Charles Woolston ya wallafa littafi a 1910 a kan koyar da yara da irin waɗannan dabaru. A 1953 aka kafa ƙungiyar Fellowship of Christian Magicians a San Faransisko, wadda ta haɗa masu wannan aiki. André Kole kuma, wani gwanin rufa-ido Ba'amurke, ya shafe shekaru masu yawa yana zagaya ƙasashe tare da ƙungiyar bishara ta Campus Crusade for Christ, yana wasa a gaban ɗaliban jami'a yana ba da shaidar bangaskiyarsa.

Game da igiyoyin da kika gani, babu wani abu a ciki sai lissafi da motsin yatsu. Tsawon gajerar da na doguwar idan aka haɗa ya yi daidai da matsakaiciyar sau biyu. Ana ninka doguwar gida biyu, a saƙala gajerar a wurin ninkin, a rufe mahaɗar da hannu, sai ido ya ga igiyoyi uku masu tsawo ɗaya. Haka nan ruwan da kan yi duhu sannan ya washe, wanda ake kwatanta zunubi da gafara da shi: sinadarin aidin ne ke rina ruwan, bitamin C kuma yana kawar da launin. Ɗalibin kimiyya na sakandare zai iya yin sa.

Ina da ƙa'idodin da nake bi. Kafin in taɓa komai nakan faɗa wa masu kallo cewa duk abin da za su gani koya na yi, kamar yadda ake koyon kiɗa, kuma Allah ne kaɗai mai yin mu'ujiza. A ƙarshe nakan sake faɗa. Ba na sa tufafi ko furta kalmomin da za su sa a tuna da boka, ba na kuma yin wasan da ake nuna kamar ana karanta zuciyar mutum, domin ya yi kusa ƙwarai da duba da annabcin ƙarya. Abin da na fi tsayawa a kai shi ne ba na kwaikwayon mu'ujizar Yesu. Akwai masu juya ruwa ya yi ja su ce ga abin da ya faru a Kana, inda Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi, kuma a ganina wannan kuskure ne babba, domin darasin da mai hankali zai ɗauka shi ne wataƙila a Kana ma haka aka yi.

Akwai wani amfani da ba a cika ambatawa ba. Wanda ya ga yadda idonsa ke ruɗuwa cikin sauƙi yakan yi hattara da masu sayar da al'ajibai. A 1986 James Randi, ɗan dabo wanda shi kansa ba mai bi ba ne, ya tona asirin mai wa'azin nan Peter Popoff, wanda yake kiran sunayen mutane da cututtukansu kamar Allah ne ya bayyana masa, alhali matarsa ce take karanta masa bayanan da suka rubuta a katunan roƙon addu'a ta wata ƙaramar na'urar rediyo a kunnensa. Wanda ya san dabarun ne ya iya gano shi, kuma ikkilisiya tana bukatar irin wannan sani.

Uwar Yara ta rubuta:

Ɗan'uwa, na yarda da niyyarka, amma ban gamsu ba tukuna. Kana cewa kana yi musu bayani tun farko, to amma yaro ɗan shekara 4 ko 5 abin da idonsa ya gani yake riƙewa, ba abin da aka faɗa kafin a fara ba. A wannan shekarun bai gama bambance tatsuniya da labarin gaskiya ba, balle ya bambance dabara da iko. Idan ya girma ya gane cewa malamin Lahadi ya ɓoye abu a hannu, ina tsoron kada ya haɗa da sauran abin da malamin ya faɗa masa, har da tashin Almasihu daga matattu.

Abu na biyu, a tambayi yaran bayan mako ɗaya abin da suka tuna. Ina zaton da yawa za su ba da labarin igiya dalla-dalla, kaɗan ne za su kawo ayar. Idan haka ta faru, an yi nishaɗi, ba a yi koyarwa ba.

Na uku kuma shi ne wanda ya fi damuna. A cikin ikkilisiya akwai waɗanda Ubangiji ya fitar daga tsafi da bin bokaye, kuma sun san abin da suka baro. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 8:9 mu yi hankali kada 'yancinmu ya zama abin tuntuɓe ga raunana, ya ma ce gara ya bar cin nama har abada da ya sa ɗan'uwansa ya faɗi. Idan irin waɗannan 'yan'uwa suna cikin iyayen yaran, ban ga dalilin da zai sa a ɗora musu wannan nauyi ba, tun da akwai waƙa da hoto da wasan kwaikwayo da za su isar da saƙon.

Mai Dabarun Hannu ya sake rubutawa:

Mama, maganarki ta farko gaskiya ce, kuma ba zan yi gardama da ita ba. Ajin ƙananan yara ba wurin wannan aiki ba ne, ya fi dacewa da waɗanda suka isa su yi ta tambayar yadda aka yi, domin wannan tambayar ita ce shaidar cewa sun san dabara ce. Maganarki ta biyu kuma gwaji ne mai kyau, ya kamata kwamiti ya yi shi. Dabara ɗaya ta isa a zama ɗaya, ta ɗauki 'yan mintoci, sauran lokacin a buɗe Littafi Mai Tsarki, yaran su karanta ayar da bakinsu su kuma haddace ta.

Game da 'yan'uwan da za su iya tuntuɓe, ga shawarata ga Malama. Al'adar masu dabo ita ce ba sa tona yadda suke yi, amma mai hidima a ikkilisiya ba shi da ikon riƙe wannan al'ada a gaban dattawansa. Matashin ya zauna da dattijon da fasto, ya buɗe hannunsa ya nuna musu kowace dabara daga farko har ƙarshe, ya ba dattijon igiyoyin ya gwada da kansa. A sanar da iyaye tun kafin ranar taro, a bayyana musu abin da za a yi, wanda bai so ɗansa ya halarta ba kada a matsa masa. Idan bayan duk wannan dattijon bai sami kwanciyar rai ba, matashin ya haƙura a wannan karon, ya koyar da darasin Romawa 3:23 da igiyoyin a buɗe, yana nuna tsawonsu daban-daban da kuma cewa babu ɗaya da ta kai rufin ɗakin.