Ƙararrawar kicin ta hana mu sakat, wacce zan saya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramin gidan abinci, masu girki huɗu. Duk odar da ta shigo, firintar kicin ce ke fitar da takarda, sai ƙararrawar da ke jone da ita ta ɗauki ƙara, tsiii, kamar ana soka allura a kunne. Jiya na tarar babbar kukunmu ta toshe ramin ƙararrawar da salatif, oda biyu suka daɗe a rataye ba wanda ya lura. Ban ga laifinta ba, ni ma da ciwon kai nake komawa gida. Ina neman mai daɗin sauti, wadda kuma za a ji ta duk da rugugin fankar hayaƙi. Don Allah a taimaka.

Mai gyaran lantarki: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ba ƙarfin ƙarar ne ya dame ku ba, sirantakarta ce. Ƙananan ƙararrawar nan masu faifan piezo (ɗan siririn faifan da ke fitar da ƙara in wutar lantarki ta shige shi) yawanci suna kuka ne tsakanin Hz 2,000 zuwa 4,000 (Hz ma'aunin sirantakar sauti ne), daidai inda kunnen ɗan Adam ya fi saurin ji. Ga tayil da ƙarfe ko'ina a kicin suna dawo da amo. Ki nemi mai lasifika a ciki, mai murya biyu irin ta ƙofar gida, wadda ke bugawa sannan ta lafa a hankali, kuma mai maɓallin ƙara sauti da ragewa. Amma kada taushin ya yi yawa: abin da masana ke bi shi ne sautin faɗakarwa ya ɗara hayaniyar wuri da kusan desibel 15 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Ki auna kicin ɗin da manhajar waya lokacin da aiki ya kankama. Sannan ki matso da ita kusa da masu girki, don a fili, duk nisan da ya ninka sauti na raguwa da kusan desibel 6. Kafin ki biya kuɗi ki duba littafin firintar, da yawansu volt 24 suke bayarwa ta ramin da ake jona akwatin kuɗi, inda ake jona ƙararrawar ma, don haka ki sayi wadda ta dace da shi.

Tsohuwar kuku: 'Yata, na daɗe a gaban murhu. Kowace irin murya ce, in tana ta yi ba ƙaƙƙautawa sai an tsane ta. Bugu biyu ta yi shiru, in ba a cire takardar ba ta sake. Kuma kada muryarta ta yi kama da ta ƙararrawar gobara, wannan ba abin wasa ba ne.

Wani ɗan'uwa: Ni dai fitila mai ƙiftawa na haɗa da tawa, na rage sautin sosai.

Tsohuwar kuku: Fitilar na da kyau, ɗana, amma mai suya bayansa yake ba ta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Malam, maiƙo da tururi fa? Ta farkon da muka saka su suka kashe ta.

Mai gyaran lantarki: Ki duba mai alamar IP65 a jikinta, ƙura ba ta shiga kuma tana jure feshin ruwa. Duk da haka kada a kafa ta saman murhu. Ki sa mai sayarwa ya kunna miki, ki ɗauki sautin a waya, masu girkin su saurara fanka na aiki, su zaɓa da kansu.