Wa ya taɓa cin karo da 2,147,483,647?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum. Jiya na haɗa wa wata Islamiyya rajistar iyayen yara a manhajar ajiye bayanai ta MySQL. Na shigar da lambobin waya sun fi ɗari, da na buɗe sai na tarar kowa lambarsa ɗaya: 2147483647. Wallahi har na fara zargin kutse. Akwai wanda hakan ta taɓa faruwa da shi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ba kutse ba ne ɗan'uwa, INT ka zaɓa, wato nau'in ma'ajin da ke ɗaukar lambobin lissafi. Gurbi 32 gare shi, kowanne 0 ko 1 yake ɗauka, ɗaya ya tafi wajen nuna ko lambar ta yi ƙasa da sifiri, saura 31. Jera 2 guda 31 ka ninninka su, ka cire 1, lambarka ke nan, kuma nan ne bakin abin da zai iya ɗauka. Lambar wayar Najeriya kuwa in ka cire sifirin farko ta kai biliyan 7 ko fiye. Ajiye ta a matsayin rubutu. Ni ta wajen kuɗi ta kama ni. Na rubuta wa wani mai sayar da hatsi manhaja tana ƙirga kuɗi da kwabo. Ranar da ciniki ya wuce naira 21,474,836.47 sai lissafi ya juye ya koma bashi. Da asuba Alhaji ya kira ni, ko gaisuwa babu.

Malamar Lissafi: Ku tsoronta kuke ji, ni ƙaunarta nake. Ba ta rabuwa da komai sai da 1 da ita kanta. Na taɓa rubuta wa 'yan SS2 ita a allo, na ce duk wanda ya samo abin da zai raba ta ba saura zan ba shi naira dubu. Sun yi mako suna dannar kalkuleta. Wata yarinya ce ta gano cewa ba sai an wuce 46,340 ba, tunda in ka ninka 46,341 da kanta ta riga ta zarce lambar. Ita na ba kuɗin. Sannan na ba su labarin masanin lissafi Euler, wanda ya tabbatar a 1772 cewa ba ta rabuwa da komai sai da 1 da ita kanta, lokacin idonsa ya kusa rufewa gaba ɗaya. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba: ya san duk mai raba ta dole in an raba shi da 62 a samu saura 1, sai aikin ya ragu sosai. Ita ce ta takwas a jerin Mersenne, wato lambobi marasa rabuwa da ake samu in an ninninka 2 an cire 1, kuma ita kanta 31 ɗin 'yar gidan ce, 32 ba ɗaya.

Injiniya: Malama, saura 19 ga Janairun 2038. Tsofaffin na'urorin da ke ƙirga daƙiƙa tun farkon 1970 ranar za su cika wannan adadi, agogonsu ya koma 1901.

Baban Sadiq: Na mayar VARCHAR, wato rubutu. Lambobin dai sun tafi, sai na sake bin iyayen gida-gida.