Me ya sa aka yi ta yi wa dokokin sojojin sa-kai na zamanin mulkin mallaka gyaran fuska?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum. Ina nazarin rundunonin sa-kai da Turawan Ingila suka kafa a ƙasashen da suka mallaka, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda majalisun waɗannan ƙasashe suka riƙa gyara dokokinsu a kai a kai. Tun da mutum shi ya kawo kansa, mene ne dalilin yawan taɓa dokar?

Malam Mai Nazari: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ɗan sa-kai ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin ofis da ke zuwa fareti bayan an tashi aiki, saboda haka ikon kwamanda a kansa ƙalilan ne. Dokar Ingila ta 1863, wadda dokokin ƙasashen mallaka da dama suka yi koyi da ita, ta ba shi damar ajiye aiki idan ya ba da sanarwar kwana 14. Don haka yawancin gyare-gyaren suna amsa tambayoyi ne na zahiri: yaushe gwamna zai iya kiran runduna aiki, yaushe hukuncin soja zai hau kan mutum, horo nawa zai halarta kafin gwamnati ta biya wa rundunarsa kuɗin tallafi, sannan ko ana iya kai shi yaƙi wajen ƙasar da ya yi rajista.

Tsohon Malamin Makaranta: Gaskiya ne, Malam, amma manyan sauye-sauyen Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kawo su. Bayan tawayen sojojin Indiya a Singafo a watan Fabrairun 1915, wanda 'yan sa-kai suka taimaka wajen murƙushewa, sai aka tilasta wa Turawan Ingila mazauna can shiga aikin tsaro. A 1917 aka yi irin haka a Indiya da Hong Kong, domin an kwashe sojojin dindindin zuwa fagen daga. Bayan an gama yaƙin, sai a 1920 aka koma tsarin sa-kai a wuraren biyu.

Malam Mai Nazari: Dubi 1920 ɗin nan da kyau, 'yar'uwa, domin a ganina nan ne zancen ya fi nauyi. A shekarar aka yi dokoki biyu a Indiya: ɗaya ta kafa runduna ga Turawa da masu jinin Turawa, ɗaya kuma ta kafa wata dabam ga Indiyawa. Gwamnatin mallaka tana buƙatar mayaƙa masu araha, amma tana tsoron miƙa wa 'yan ƙasa bindiga, kuma wannan tsoro ne ke bayyana a sashen da ya fayyace wanda ya cancanci shiga.

Ɗalibar Tarihi: Na gode, malamai. Zan fara kwatanta wannan sashe a dokar Indiya ta 1917 da dokokin biyu na 1920.