Yaƙin Basasa: Littafin Soja Za a Fara da Shi, ko na Ɗan Kallo?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni sunan littafi ɗaya kan yaƙin basasar Najeriya, wanda zan karanta ba tare da gyangyaɗi ba. Iya sanina dai an fara a Yulin 1967, an gama a Janairun 1970.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Nemi My Command na Obasanjo, ka huta. Gani ya kori ji. Tarihin yaƙi a bakin wanda ya shaƙi hayaƙin bindiga ake jinsa, ba wajen ɗan jarida ko malamin jami'a ba. Mutumin nan shi ya karɓi runduna ta uku daga hannun Benjamin Adekunle a 1969, yana riƙe da ita har Biyafara ta miƙa wuya.

Malama: Baba, da girmanku, a nan ban bi ku ba. Godwin Alabi-Isama ma a wannan rundunar ya yi yaƙi. A 2013 ya fitar da The Tragedy of Victory, ya ware babban sashe yana bin littafin Obasanjo yana ƙaryata shi, har da hotuna. Hayaƙi ɗaya suka shaƙa. To wanne Ɗan Auta zai gaskata?

Baban Khalifa: Wannan rigimar manya ce tsakaninsu.

Malama: Rigimar ita ce hujjata. Hafsan da ya zauna rubutu bayan shekara goma, sunansa yake wankewa. Abin da ya gani kuwa bai wuce fagen da aka tura shi ba. Alexander Madiebo, kwamandan sojan Biyafara, shi ma ya fitar da nasa a 1980, shekara ɗaya da na Obasanjo. Ku karanta su a jere, sai ku rantse yaƙi biyu aka yi.

Yaya Babba: In daɗin karatu ake nema ai magana ta ƙare, There Was a Country na Chinua Achebe. Turancinsa kamar ruwa.

Na Tudun Wada: Allah ya kiyaye. Mutumin da ya yi wa Biyafara jakadanci shi zai ba ƙaninmu labari? Mu da aka kashe mana Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari a daren 15 ga Janairun 1966? A ba shi Let Truth Be Told na Muffett, wanda aka buga a Zariya a 1982. Baturen ya yi aiki a Arewa, ya san mutanen da aka kashe.

Yaya Babba: Kai ka karanta na Acheben?

Na Tudun Wada: Ba na bukata.

Malama: To ka ga inda matsalar take. Ka ƙi Achebe don yana da ɓangare, ka kawo Muffett wanda shi ma kowa ya san inda ya karkata. Ni ban ce Achebe alƙali ba ne. Da littafin ya fito a 2012, Yarbawa da dama sun fusata saboda ya zargi Awolowo da amfani da yunwa a matsayin makami. Amma akwai abin da yaro ɗan Arewa ba zai ji a zauren gidansu ba: kisan da aka yi wa Ibo a garuruwanmu a Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoban 1966, da abin da sojojin tarayya suka yi wa fararen hula a Asaba a Oktoban 1967, da yaran da yunwa ta kashe. Haka shi ma yaron Inugu ba lallai a faɗa masa yadda Arewa ta ji da kisan shugabanninta ba, ko kuma da Dokar Soja ta 34 da Ironsi ya soke yankuna da ita.

Baban Khalifa: To kin rushe na kowa. Ke wanne kika kawo?

Malama: Na ɗan kallon da kuka raina. John de St. Jorre ɗan jarida ne, ya shiga ɓangarorin biyu lokacin yaƙin, ya fitar da The Nigerian Civil War a 1972. Yana tafiya da kai tun daga juyin mulkin farko, zuwa na 29 ga Yulin 1966, taron Aburi a Ghana, jihohi 12 da Gowon ya ƙirƙiro ranar 27 ga Mayun 1967, da shelar ɓallewar Ojukwu kwana uku bayan nan. Rubutun jarida ne, ba ya gajiyarwa. Wanda ya gama shi, in ya ɗauki Obasanjo ko Madiebo zai gane inda kowa ya yi tsallake.

Na Tudun Wada: Frederick Forsyth ma ai ɗan jarida ne, kuma Bature. The Biafra Story kamar a ofishin Ojukwu aka rubuta shi.

Malama: Gaskiyarka, shi kam abokin Ojukwu ne, kuma a 1969 ya rubuta ana tsakiyar ɓarin wuta. Ban ce duk ɗan jarida ba. Na ce wannan.

Yaya Babba: Ni abin da ke damuna daban ne. Na St. Jorre ya haura shekara 50, samunsa sai an sha wahala. Oil, Politics and Violence na Max Siollun ya fi sauƙin samu, ɗan Najeriya ne, a 2009 ya fito. Sai dai ƙarfinsa na kan juye-juyen mulki daga 1966 zuwa 1976, ba fagen daga ba.

Baban Khalifa: Har yanzu ina kan bakana. Siollun ɗin bai yi yaƙin ba. Daga ina ya samo labarin in ba daga littattafan sojojin ba?

Malama: Daga can ya samo da yawa, Baba, amma ya haɗa su ya auna. Aikin da Ɗan Auta ba zai iya yi a karatun farko ba ke nan.

Baban Khalifa: Ya koya mana. Mu wa ya auna mana?

Ɗan Auta: Na gode ƙwarai. Zan fara da Siollun tunda ana samu, ina cigiyar St. Jorre. Baba, in My Command ɗinku na nan, a ajiye min aro.

Baban Khalifa: Yana nan. Ka zo da kanka, ba na ba da aike.